Katakon da Ke Ƙarƙashin Kawu Shiru

Tongyeong, ƙarshen kaka

Hyung, babban wana Sang-pil,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan teku tana yi muku sauƙi, kuma yatsan nan naka da ƙugiya ta huda ya warke. Mahaifiyarmu lafiyarta ƙalau, sai gwiwar nan da ke tashi idan sanyi ya sauko. Ni ma ina nan garas. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta.

Bayan tafiyarka, Kwanjang Pyo, mai gidan horon faɗan da nake aiki, ya sayo wani sabon abu. Mutum ne na roba, daga kai zuwa ƙugu, ba hannu ba ƙafa. An soke shi a kan sandar ƙarfe, sandar kuma tana kan wani ƙaton tulu da ake cika wa ruwa don kada ya faɗi. Yana da haƙarƙari, yana da maƙogwaro, fuska a murtuke kamar wanda aka taka wa ƙafa a cikin bas. Yara suka sa masa Kawu Shiru, don ko me ka yi masa ba ya cewa uffan. A jikin sandar akwai huji-huji. Da rana in sauko da shi saboda yara, da yamma in ɗaga shi saboda manya. Aikina ne, har da goge masa gumin mutane.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ƙanwarka Sun-ye, yayata da nake kira Nuna. Tun farkon kaka take zuwa da sassafe, lokacin da nake wanke daɓe, kafin ta wuce rumfar ɓare kawar teku, inda take aiki. Ranar farko ta ce, “Dong-pil, ɗaga mini shi.” Na ɗaga daidai tsawonta. Ta ce in ƙara. Na kai shi hujin ƙarshe na sama. Ta ja baya ta dube shi, ta ce da saura. Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo wani faffaɗan katako, kaurinsa yatsu uku, muka karkata tulun muka cusa shi a ƙasa. Sannan ta ce ya yi.

Ba ta hauri da ƙafa. Ba ta son koyon tsayuwa, ko rusunawar da ake yi kafin a fara. Wuri ɗaya take duka, maƙogwaro. Robar wurin har ta fara sheƙi. Ta ce kada in gaya wa kowa, amma kai ba kowa ba ne.

Makon jiya muka jiƙa kabejin kimchi, wanda muke tsimawa saboda hunturu, a tsakar gida. Ka san yadda mata ke naɗe hannun riga har kafaɗa. Nuna ta yini cikin ruwan gishiri da barkono, rigarta a sauke har wuyan hannu, ta jiƙe sharkaf ba ta naɗe ba. Kuma ta daina raka mahaifiyarmu gidan wanka na jama'a. Yanzu maƙwabciya ce ke cuɗa wa tsohuwa baya.

Ran nan mijinta, abokinka Gi-cheol, ya biyo sawunta har gidan horon. Ya yi dariya, ya ce, “Suruki, kai ne malaminta? Ka fara koya mata miya mana!” Ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Kawu Shiru, ya mari kumatunsa da wasa. Na daɗe ina kallon su biyun. Nuna ba ta yi dariya ba.

Ka gaishe mini da Tsoho Tak, baffan Gi-cheol, shugabanku a jirgi. Na san yana jin wasiƙun nan idan kuna karanta wa juna a wurin cin abinci. Kai kuma ka sake karanta wannan idan kana kai kaɗai.

Ƙaninka,
Dong-pil

*

Tashar Samoa, farkon hunturunku

Dong-pil, auta,

Wasiƙarka ta same ni da muka shigo sauke kifi. Ina lafiya, yatsa ya warke, sai dai ya karkace, yanzu in na miƙa shi gabas sai ya kalli yamma. Ku kuna rawar sanyi, mu nan zafi kamar a soya mutum. Ka ce wa Omma, mahaifiyarmu, ta riƙa ɗaura tsumma mai ɗumi a gwiwar.

Na karanta wa mutane labarin Kawu Shiru, kai, har wani ya ƙware da miya. Mai dafa mana abinci ya ce a aiko mana da guda, mu sa masa hular kyaftin. Tsoho Tak ya ce surukarsu so take ta rage teɓa, a bar ta.

Yanzu saurara. Ka cika kallon abubuwa, tun kana yaro haka kake, sai ka zauna kana kallon tururuwa har abinci ya huce. Ba wani ɓoyayyen abu a nan. Wa ya kai hujin sama a gidanmu in ba ni ba? Ni take duka. Ranar da za mu tashi ta same ni a bakin jirgi da wata magana, na ba ta amsar da ba ta so, ta juya ko sallama ba ta yi mini ba. Haushina take hucewa a kan roba. Bar ta ta huce, gara robar da ni.

Zancen gidan wanka kuwa, uwa da ’ya sukan saɓa su shirya. Hannun riga kuma, sanyi ake yi, me kake so ta yi?

Gi-cheol tare muka yi soja, bargo ɗaya muka rufa a kan iyaka. Ni na kawo shi gidanmu, baffansa ne ya sama mini gurbi a jirgin nan. Yana da zafi, na sani, amma ba mugu ba ne. Kada ka sa baki a auren mutane, kai da ko budurwa ba ka da ita. Ka goge wa Kawunka gumi, ka bar sauran a hannun manya.

Wanka,
Sang-pil

*

Tongyeong, tsakiyar hunturu

Hyung,

Ina gaishe ka. Mun gode da saƙonka, an ɗaura tsumman, gwiwar ta yi sauƙi. Na rubuta a bayan ambulan nan cewa kai kaɗai. Don girman mahaifinmu da ke kwance a kan tudu, kada ka buɗe ta a wurin cin abinci.

Ka manta da katakon. Kai ka kai hujin sama, gaskiya ne, amma ba ka buƙatar katako. Gi-cheol ya fi ka da yatsu uku. Ku biyu kun sha yin gardamar nan a ƙofar gidanmu, kuna haɗa baya, ni nake ɗora muku littafi a ka. Tsawon mijinta ta auna, Hyung. Maƙogwaronsa take koya wa hannunta.

Sanyin bana ya yi tsanani. Sai da na zuba gishiri a ruwan tulun don kada ya daskare ya fasa shi. Robar ta yi tauri kamar itace, gaɓoɓin yatsun Nuna duk sun tsage, ga wuƙar kawa da ke jiran su da rana. Wata safiya ina shafa mata magani na ce, “Nuna, wa kike duka?”

Ta ce, “Roba.”

Na ce, “Robar nan tana da tsawon wani.”

Ta dube ni, ta ce, “Kai dai idonka ba ya hutawa.” Sai ta naɗe hannun rigarta. Ba zan rubuta maka launukan da na gani ba. Akwai tsoho, akwai sabo, akwai shatin yatsu huɗu da babban yatsa. Ta ce na baya ya fi, shi ya sa ba za ta tuɓe a gaban Omma a gidan wanka ba.

Kwanjang ma ya gane, don shi ke duba robar duk mako. Ya zo da sassafe da sandarsa ya zauna yana kallonta. Da ta gama ya ce, “Sun-ye, zo nan. Kin ga mutumin nan? Ba shi da hannu. Ba ya matsowa, ba ya sunkuyar da haɓa. Wanda ya koyi faɗa a kansa kaɗai, dukan wanda ya yarda a dake shi ya koya. Na gida ba zai tsaya miki haka ba.”

Ta ce, “To koya mini na gaske, Kwanjang-nim.”

Ya ce, “Na gasken shi ne ki san inda ƙofa take, ki riga shi kaiwa.”

Ta ce, “In fita in je ina?”

Sai ya dube ni.

Na sami Omma a ranar. Ta yi kuka har ta shiɗe, ta ce dama zuciyarta ta gaya mata. Na ce to mu je mu ɗauko ta. Ta ce ita mace ce, ni kuma auta ne. Tun da Baba ya rasu kai ne kan gidan, kai ka haɗa auren, in muka ɗauko ta ba da bakinka ba, gidan Tak za su ce sace ta muka yi, kuma kai kana tsakiyar ruwa a ƙarƙashin baffansu. Nuna ma haka ta ce. Ba za ta shigo gidanmu da jaka ba sai ka ce ta zo.

To ni ba dogon rubutu nake nema ba. Layi ɗaya: ku ɗauko ta. Ka yi sauri, Sabuwar Shekara ta matso. Ka san yadda Gi-cheol ke sha idan dangi sun taru, ita kuma ta ce mini bana ba za ta rufe fuska da hannu ba.

Kullum ina zuwa ofishin masu jirginku in tambaya ko jakar wasiƙu ta iso. Zan jira ka, na iya jira. Ita ce ban sani ba.

Dong-pil

*

Tongyeong, bayan Sabuwar Shekara

Hyung,

Da fatan kana lafiya. Omma tana nan. Amsarka ba ta zo ba. A ofis sun ce kun yi nisa bin kifi, ba ku taɓa tasha ba. Nuna tana da rai, bari in fara da wannan.

Ranar Sabuwar Shekara da safe, na gama yi wa Omma gaisuwar goshi a ƙasa ke nan, waya ta yi ƙara. Matar wan Gi-cheol ce, ta ce in zo da mota yanzu. Na ɗauki motar kai yara ta gidan horo.

Ga yadda matar ta gaya mini daga baya. An shirya teburin abincin girmama kakanni a gidan Tak, Nuna na kawo miyar wainar shinkafa, kwano ɗaya ya tuntsure. Gi-cheol ya riga ya sha tun asuba. Ya ce ta kunyata shi a gaban matattunsa, ya ja ta da gashi zuwa bayan gida inda tulunan miya suke. Dangi suna ciki, suna ji, aka ƙara muryar talabijin.

A can Nuna ta miƙe ta yi abin da ta koya. Hannunta ya tafi daidai inda ta auna, tsawon bai kuskure ba ko kaɗan. Amma shi ya ga hannun na zuwa, ya sunkuyar da haɓa. Yatsunta biyu suka karye a kan muƙamuƙinsa. Sannan nasa hannuwan suka zo.

Na same ta a tsakanin tuluna, dusar ƙanƙarar wurin ta canja launi. Ita ce ta fara magana, ta ce, “Ya motsa, Dong-pil.” Kamar mamaki take yi.

A asibiti sun ɗaure mata muƙamuƙi da waya, sun sa wa hannun filasta. Likita ya ce kunnen hagu ba zai sake ji ba. Abinci sai mai ruwa, ta tsinken roba.

Da aka sallame ta ban tambayi kowa ba, Hyung. Ban tambayi Omma ba, ban jira ka ba. Na kai ta ƙaramin ɗakin da ke bayan gidan horo, Kwanjang ya ba ni mabuɗi. Omma ta zo da yamma da bargo a ka da kunu a hannu, ta shimfiɗa ta kwanta kusa da ita.

Shekaranjiya Gi-cheol ya zo da kwandon tuffa, ya sa riga mai kyau, haɓarsa da ɗan tabo. Ya same ni a bakin ƙofa da sandar goge daɓe.

Ya ce, “Matsa, yaro, matata na zo ɗauka.”

Na ce, “Ba inda za ta.”

Ya ce, “Wanka ya san abin da kake yi? Ni da shi jini ɗaya ne. Kalma ɗaya zan aika wa baffana.”

Na ce, “Wana yana teku. Ni ne a ƙofa.”

Ka san ya ninka ni. Sai na ji sandar Kwanjang a bayana, ƙwas, ƙwas. Tsohon ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, “Gi-cheol, ni ina da hannu. Tsofaffi ne, amma akwai su.” Gi-cheol ya ajiye kwandon ya tafi yana zagi. Na raba wa yara tuffar, Nuna ba ta iya taunawa.

In abin nan ya jawo maka matsala a jirgi, ka sani ni na yi, ba Omma ba.

Dong-pil

*

A teku, ana saura kaɗan Sabuwar Shekara

Dong-pil,

Ina lafiya. Jirgin da ke kawo mana mai ya zo da jakar wasiƙu, ya juya kafin in buɗe taka. A ɗakin inji na karanta ta, ni kaɗai. Ban san yaushe wannan za ta bar hannuna ba, sai mun ga wani jirgin ko tasha.

Ku ɗauko ta. Yau, ba gobe ba. Ka karanta wa Omma layin nan da ƙarfi: ni Sang-pil na ce Sun-ye ta dawo gidan ubanta. Kada ta kwana a gidan Tak ranar Sabuwar Shekara, ku ce Omma ba ta da lafiya, ku ce ko me. Ka ce mata kada ta ɗaga masa hannu, na san ƙarfinsa, na ga abin da ya yi wa wani a bariki. Ta daina zuwa wurin robar nan, ta ɗan ƙara haƙuri, wasiƙata na tafe.

Katakon. Na karanta shi tun a wasiƙarka ta farko, idona ya tsallake.

Ban gaya wa Tsoho Tak ba tukuna. Zan gaya masa ranar da zan sauka. Na nemi kyaftin ya sallame ni a jirgin dakon kifi na farkon bazara, ya ce zai duba. In ya ƙi ma zan taho.

Ka ce wa Sun-ye wanta na gaishe ta. Ka saya mata safar hannu mai kauri saboda kawa.

Sang-pil

*

Tongyeong, farkon bazara

Hyung,

Gaisuwa. Muna lafiya gwargwado. Itacen ƙofar gida ya fara fure, gwiwar Omma ta saki. Wasiƙarka ta iso jiya. Na ga lokacin da ka rubuta ta, na san tawa ta ƙarshe ba ta same ka ba a sannan. Wataƙila yanzu ta same ka, don haka ba sai na maimaita ba.

Na karanta wa Omma layin da ƙarfi kamar yadda ka ce. Ta karɓi takardar ta riƙe, ta ce, “Ga shi ya ce.”

Na karanta wa Nuna ita ma, ta ɓangaren dama. An cire mata wayar baki, tana magana a hankali, kalmomin na fita a matse. Da na zo wurin safar hannu ta yi wani sauti, na ɗauka dariya ce. Masu rumfar kawa sun riga sun sa wata a gurbinta, yatsun ba za su riƙe wuƙa bana ba. Ta ce ba za ta koma gidan Tak ba, ta je ta fara maganar raba auren, kuma wannan karon ba ta nemi bakin kowa ba.

Sai ta ce, “Ya gaya maka maganar da na kai masa a bakin jirgi?”

Na ce ka ce dai wata magana ce.

Ta ce, “Cewa na yi, Oppa, yayana, Gi-cheol na dukana. Ya ce wane namijin bakin teku ne hannunsa ba ya tashi, in rage baki, in bar shi ya hau jirgi da kwanciyar rai.”

Na tuna wasiƙarka ta farko, da ka ce kai take duka. Ashe ka san dalilin da zai sa ta yi.

Tun da abin ya faru ba ta leƙa wurin Kawu Shiru ba, ko ta gefensa za ta wuce sai ta kau da kai. Yau da safe ina wanke daɓe ta shigo. Ta ce, “Dong-pil, ɗaga mini shi.” Na kai shi hujin sama. Na juya zan shiga ɗakin ajiya, ta ce, “Bar katakon.”

Ba ta dake shi ba. Ta tsaya a gabansa, hannun mai ciwo a ƙirji, ta ɗaga kai tana kallon fuskarsa, leɓunanta suna motsi. Na fita na ba ta wuri. Da na dawo tana nan a tsaye, har yaran farko suka fara cire takalma a ƙofa. Ta ce gobe ma in bar shi a haka.

Ban san me take shirya maka ba, duka ne ko magana. Ni dai na san tsawon waye.

In ka sauka, kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka fara zuwa neman Gi-cheol, wannan ba zai dawo mata da kunne ba. Ka zo nan da sassafe. Zan jawo Kawu Shiru gefe. Ka tsaya a gurbinsa, ta hannun damanta, ka sauke hannuwanka, kuma kada ka sunkuyar da haɓa.

Ƙaninka,
Dong-pil